Fito a Ƙarƙashin Benen Orwin

Rana ta yi ja lokacin da Otylia ta rufe kwanon abincin mijinta, ta naɗe shi da tsohon tawul don kada ya huce. Miyar kabeji ce da dankali, da gutsuren baƙin burodi, da kofi a kwalba. Ta ɗaura ɗankwali, ta yafa mayafin ulu, ta fita ta hau jirgin titi mai shiga tsakiyar Shikago. Can baya ta zauna kamar kullum, kwano a cinya, ido a ƙasa. Ba ta cika shekara da aure ba, kuma Turancinta bai wuce na gaisuwa da sayen gishiri ba.

Mijinta Teofil yana cikin leburorin da ke aiki a ƙarƙashin Benen Orwin. Tun da aikin ya matsa ba sa tashi sai duhu ya rufe, shi ya sa take kai masa abinci da almuru.

Hawa goma ne benen. Bayan babbar gobarar da ta cinye garin aka gina shi, da ƙashin ƙarfe a ciki da jan bulo a waje. Tsofaffi na cewa a zamanin har daga ƙauye ake zuwa kallonsa, mutum ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Yanzu maƙwabtansa duk sun fi shi tsawo, hayaƙin kwal ya rine shi, ya koma kamar tsoho a tsakiyar jikoki. Lauyoyi ne a ciki da 'yan inshora da 'yan mata masu buga tafireta.

Ciwonsa a ƙasa yake. Garin nan fadama ce aka cike, yumɓu ne zalla, mai laushi kamar ƙullun burodi, dutse kuwa yana can nesa. Magina sun san haka. Sai suka shimfiɗa masa gado na ƙarafan dogo da kankare, suka ɗora shi a kai kamar kwalekwale a kan ruwa. Suka kuma ɗaga ƙofarsa sama da titi da taƙi guda, suka ce zai nutse daidai wannan ya zauna. Wato tun ran gini aka yanka wa ƙasa rabonta. Ƙasa ta karɓi taƙin nan ta haɗiye, ba ta ce ta ƙoshi ba. Shekaru suka wuce, mai shiga Benen Orwin ya koma sauka yake yi maimakon hawa. Fensir in an ajiye shi a tebur sai ya gangara. Ƙofofi suka daina rufuwa.

Shi ne masu benen suka ɗauki leburori su haƙa rijiyoyi a ƙarƙashinsa har su tarar da dutse, a cika su da kankare. Kafin a gama, ilahirin benen yana kan jak-jak na ƙarfe masu ɗaga nauyi ne, ɗaruruwa, an jera su a kan gumaguman katako, kowanne da sandar murɗawa. Maza ke durƙushe a layi, kowa da nasa a gabansa. In shugaban leburorin, Oga Gilroy, ya busa usur, kowa ya ja sandarsa rubu'in zagaye, a tare. In wani ya riga wani, bene ya tsage.

Usur ɗin nan shi ya hana Teofil barci tun makon farko. Ɗan masu haƙar kwal ne na Silesiya can Turai, ubansa da kakansa duk a rami suka tsufa.

"Fito mutumin nan yake yi mana a ƙarƙashin ƙasa, Tila," ya ce da ita wata rana yana wanke ƙafa a bokiti. "Tun safe har dare."

"To ai usur ne, ba baki ba."

"Su na ƙasa ina ruwansu da baki ko usur? A garinmu ko ɗan yaye ya san ba a fito a rami. Kiransu ne. In suka amsa kuwa, wanda amsar ta shiga kunnensa ya zama nasu."

"Ku gaya wa ogan mana."

"Kawu Florian ya gwada. Kin san abin da ya ce masa? Wai, 'Tsoho, in aljanun naka sun iya juya jak ka turo min su, dama ma'aikata nake nema.' Har abokin aikina Boni ya shaƙe don dariya."

Ya kalli ruwan bokitin da ya yi baƙi. Can ya ce, "Kina da guntun kyandir?"

Tun daga ranar, kowace safiya Otylia na tausasa kakin kyandir a kan murhu, ta mulmula shi gida biyu, ta naɗe masa a kyalle. In ya sauka rami sai ya toshe kunnuwansa, ya ja hular ulu ya rufe.

"Yaya za ka san lokacin juyi?" ta tambaye shi.

"Idona fa? Boni ne a haguna. Kafaɗarsa ta ja, tawa ta ja. Ko malamin makaranta bai fi ni kwaikwayo ba." Ya lakace mata hanci. "Amma bakinki alekum. In suka ji, sai na mutu ana yi min waƙa."

Ta yi alkawari, ta kuma riƙe.

A ranar da abin ya faru, tun daga kwanar titi ta ga ba daidai ba. Leburorin suna waje. A da, da ta ɓullo Boni ke fara ihu, "Ga amarya! Teofil, fito, an kawo wa jariri kunu!" ita kuma ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ta shige. Yau Boni na zaune a bakin kwata, hannuwansa tsakanin gwiwoyi, yumɓu har gira. Ko ɗago kai bai yi ba. Ma'aikatan ofis sun yi cirko-cirko a ɗaya gefen titi, wasu ko kwat ba su ɗauko ba. Oga Gilroy na tsaye a bakin lungu, inda ramin shiga yake, ya dunƙule usur ɗinsa a hannu.

Ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ta sake bi.

Kawu Florian, ƙanen mahaifin Teofil, shi ke jan igiyar bokiti daga sama saboda gwiwoyinsa sun ƙare. Ta matsa kusa da shi.

"Kawu, sannu da aiki. Ina yake?"

"Af, 'yata, kin iso?" Bai kalle ta ba. "Halama ta ɗaya ɓangaren ya fita."

"Ka gan shi?"

Tsohon ya hau naɗe igiyar bokiti.

"Me ya faru, Kawu?"

"An busa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Usur na aljihun Oga, yana shan taba, aka busa. Yara suka ja, don hannu ya saba. Aka sake busawa. Sai katako ya fara kuka. Shi ne Oga ya busa na gudu."

Boni ya ɗago. "Na yi masa ihu, amarya, na rantse. Oga ma ya busa mai tsawo, kurma ma ya ji."

Otylia ta tuna kakin da ta mulmula masa da safe.

"Da na kai bakin rami na waiwaya," Boni ya ci gaba. "Na hango mutum durƙushe a wurina. Na ɗauka wani ne ya tsaya jan sa. Sai da muka fito na duba." Ya nuna sauran da haɓa. "Kowa na nan. Sai shi."

Ta kama hannun rigar Kawu Florian, ta kai bakinta kunnensa. Alkawarin da ta riƙe wata da watanni, a numfashi ɗaya ya fita.

Tsohon ya yi alamar gicciye a ƙirji. "Kaki? Wayyo ɗan banzan yaro. Wayyo Teofil."

Ya ɗingisa wajen Oga Gilroy yana faɗa masa da guntun Turancinsa. Ogan ya zaro ido, ya dafe kai. Ya nuna ramin, ya nuna goshinsa da ke jini. Kawu ya juyo.

"Wai ya koma ciki da kansa, gungume ya faɗo ya toshe hanya. Wai a jira 'yan kwana-kwana."

"Har yaushe?"

Maza suka taru a bakin ramin, kowa na faɗin tasa, murya na hawa kan murya. Ba wanda ke kallon mace mai kwano.

Otylia ta san wata hanya. Ran da ake ruwa, mai gadi kan bar ta ta bi ta babbar ƙofa, ta sauka ta ɗakin tukunyar ɗumama gini. Ta ja da baya a hankali, ta zagaya gaba.

A saman ƙofar akwai fuskoki na gasasshen yumɓu, jere, kumatu a kumbure kamar masu hura wuta. An ce da yumɓun da aka haƙo daga gindin benen aka yi su. Ba ta taɓa son kallonsu ba. Ta sunkuyar da kai, ta taka matakalar da ke sauka, ta tura ƙofa. Sai da ta sa kafaɗa.

Ciki ba kowa. Falon marmara, sanyi kamar coci. Hasken ƙarshe na yini na saukowa ta rufin gilashi, ta tsakiyar benen, ja-ja, mai ƙura. Lif na rataye tsakanin hawa biyu a kejinsa na ƙarfe mai zanen ganye, yana lilo a hankali, yana taɓa bango. Ƙwal. Ƙwal. Wani wuri can sama kujera mai taya na tafiya ita kaɗai, ta bugi ƙofa, ta tsaya. A ƙasan falon, tsaga ta ratsa marmara daga ƙofa har matakala. Jiya babu ita.

Ta ajiye kwanon a kan teburin mai gadi. Ta sauka.

Ɗakin tukunya na warin kwal da tsatsa. An bar fitilar hannu a kan bulo tana ci. Ta ɗauka. A bango akwai ramin da aka fasa, daidai shigar mutum a durƙushe. Iskar da ke fitowa daga ciki sanyi gare ta, da warin ruɓaɓɓen ƙwai da tsohuwar ƙonuwa.

"Ya Maryamu, ki tsaya mini," ta raɗa.

Ta tattare siket, ta shiga da rarrafe.

Ta sha hango wurin daga bakin rami, amma ba ta taɓa shiga ba. Dajin katako ne, gumagumai bisa gumagumai, kowanne da jak a kansa yana naso da baƙin mai. A sama, ƙarafan gadon benen. A jikin ƙasar da aka yanka akwai baƙin layi kamar an ja gawayi, tokar tsohon garin ke nan, da narkakken gilashi da lanƙwasassun ƙusoshi. Ƙasa da layin, yumɓu ne shuɗi-shuɗi yana gumi.

Ga hula an yar. Ga takalmi ƙafa ɗaya. Ga fitilu rataye, wasu sun mutu.

Ruwa na ɗiga. Can sama jirgin ƙasa ya wuce a kan gadarsa, ta ji shi a gwiwoyinta kafin ta ji shi a kunne. Ya wuce. Wurin ya yi tsit.

Sai aka yi fito.

Ba usur ba ne. Usur ƙarar ƙarfe gare shi. Wannan na baki ne, siriri, jiƙaƙƙe, kamar na mai ruwa a baki. Kuma ba daga gaba ya zo ba, ba daga baya ba. Daga ƙarƙashin tafukanta ya zo.

Ƙiiiƙ.

Duk jak-jak ɗin wurin suka amsa da murya ɗaya. Ƙura ta zubo mata a wuya. Ƙarfen da ke samanta, wanda ɗazu ta wuce bai taɓa ta ba, yanzu ya shafi ɗankwalinta.

Sauke benen ake yi.

Ta ƙara sauri. Yumɓu na tsotsar gwiwoyinta, kowane ɗagawa sai ya yi tsaki. Ta zagaya wani tarin katako, ta ɗaga fitila.

Ga su nan.

Layi guda, har inda haske ya ƙare. Sun ba ta baya. Kowa durƙushe gaban jak ɗinsa, hannu a kan sanda. Kamar leburori. Har da hula, har da faɗin kafaɗa. Amma babu inda hula ta ƙare kai ya fara. Babu ɗinki, babu maɓalli. Launinsu ɗaya da ƙasa, suna sheƙi, suna gumi. Ta duba inda ƙafafu ya kamata su kasance. Babu. Daga gwiwa sun haɗe da yumɓun, kamar tsiro.

A tsakiyarsu, hular ulu mai ruwan toka, da facin jan zare a ƙeya. Ita ta yi facin.

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ɗaga murya da sunansa ba, ko a ɗaki. Ta cika ƙirjinta.

"Teofil!"

Shi bai ji ba.

Su suka ji.

Kafaɗun nan duka suka tsaya cak. Ba wanda ya waiwayo. Ɗigar ruwan ma kamar ta dakata.

Fito.

Ƙiiiƙ.

Yanzu dole ta sunkuyar da kai.

Ta ja jiki ta bayansu. Sanyi na tashi daga gare su kamar daga bakin rijiya. Ta wuce na farko. Ta wuce na biyu. Gefen mayafinta ya shafi ɗaya, ya dawo jiƙe, da nauyi.

Ta kai gare shi. Ta kama rigarsa ta girgiza.

Ya ture ta da gwiwar hannu, bai juyo ba. "Bari, kar ka sa in rasa juyi," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa.

Ta kai hannu za ta cire hular ta zaro kakin. Ta tsaya. Wanda amsar ta shiga kunnensa. Ta janye hannun.

Kansa na karkace hagu. Idonsa na kan kafaɗar da ke kusa da shi. Ta leƙa fuskarsa. Idanun a buɗe, jajur, ƙura ta kwanta a kansu, ba ya ƙiftawa. Tafukansa sun fashe, sandar ta yi santsi da jini.

Tsakaninsa da na hagun akwai 'yar tazara, daidai shigar mace marar jiki.

Ta ajiye fitila. Ta rufe ido. Ta cusa kanta ciki.

Bayanta ya manne da abin. Laushi. Sanyi. Ya lotsa ya karɓe ta kamar katifa. Ba ya numfashi.

Ta buɗe ido. Fuskar Teofil na gabanta, amma ba ita yake kallo ba. Kafaɗarta yake kallo. Yana jira.

A hankali ta ɗaga hannuwanta sama, tafuka a buɗe.

Ya saki sandar. Ya ɗaga nasa.

Ta dafa ƙasa. Ya dafa.

Ta ja gwiwa ɗaya baya. Ya ja.

Sai ta ji nauyi a kafaɗarta ta hagu.

Wani abu na leƙowa. Ba ta so ta duba ba, idonta ne ya tafi da kansa. Kumatu a kumbure. Ido babu rami, shafe. Baki a tsuke. Irin fuskar da ke saman ƙofa ce, amma ɗanya, ba a gasa ba.

Bakin ya taɓa kunnenta.

Ya busa.

Kamar an tsiyaya mata ruwan ƙanƙara ta kunne har gadon baya. Kafaɗarta ta ja da kanta, rubu'in zagaye. Ta Teofil ma ta ja, a iska.

Ƙiiiƙ.

Ƙarfe ya danne mata ƙeya.

Ta ciji harshenta har ta ji gishirin jini. Ta fizge bayanta, mayafin ya zauna a jikin abin. Ta kwanta rubda ciki, ta fara ja. Ba ta kama shi ba. Ba ta waiwaya ba. Ta dai tsaya a hagunsa, kafaɗa kusa da idonsa. Tana jin numfashinsa a gefe.

Gwiwar hannu. Gwiwar hannu.

Fito. Yanzu ba baki ɗaya ba ne. Duka layin ne.

Fitilar da ta bari ta yi ƙaras, ta mutu.

Duhu. In bai ga kafaɗarta ba fa?

Can gaba, ɗan jan haske, bakin ramin ɗakin tukunya. Ta karkata yadda hasken zai zana ta. Numfashin ya biyo.

Katako na fashewa a bayansu kamar bindiga. Ƙarfe na gogar bayanta. Wani abu jiƙaƙƙe ya naɗe idon sawunta, ya matsa, ba gaggawa. Ta yi harbi. Takalmin ya fita, ƙafar ta kuɓuce.

Hannuwa suka kama ta ta gaba. Ta yi ƙara.

"Ni ne, 'yata, ni ne! Oga, kamo shi! Kamo ɗan banzan!"

Kawu Florian ne da Oga Gilroy, sun ga kwanon a falo sun biyo. Suka jawo ta, suka jawo Teofil ta wuyan riga. Ƙafarsa na fita, bulon da ke saman ramin ya sauko ya haɗe da ƙasa, a hankali, kamar baki ya rufe. Yumɓu ya bulbulo ta tsagar.

Ba su tsaya ba sai a titi.

Kafin gari ya waye tagogin hawan farko na Benen Orwin sun sauko daidai gwiwar mai wucewa. Lauyoyi suka kwashe takardunsu ta tsani. Masu benen suka ce wani rami da ake haƙawa a ƙarƙashin titi ne ya janye ruwan yumɓun, jaridu ma haka suka rubuta. Daga baya aka rushe shi hawa-hawa. Da aka kai gindi, ba a samu jak ko ɗaya ba. Oga Gilroy ya ci gaba da aikinsa a wasu gine-ginen, amma an ce guduma yake buga wa bututu in zai ba da alamar juyi, ba a sake ganinsa da usur ba.

Likita ya zaro kakin daga kunnuwan Teofil, ya leƙa, ya ce lafiyarsu ƙalau. In an yar da cokali yana firgita. Amma in an yi masa magana sai ya bi ta kan mutum da kallo, kansa ya karkata hagu, yana neman kafaɗa. Boni ya zo gaishe shi, ya yi ta zuba barkwanci Teofil bai ko kalle shi ba, ya tashi ya fita bai yi sallama ba.

Otylia ta mai da kujerarta hagunsa. In ta ɗaga cokali, ya ɗaga. In ta tauna, ya tauna. In ta durƙusa a coci, ya durƙusa. Ta karɓi wankau tana yi a gida, shi kuma yana gefenta da tasa bahon, ta cuɗa ya cuɗa. Matan unguwa na cewa ta yi dace, ba kowace ke dawo da miji daga rami ba.

Kawu Florian ne kaɗai ya lura. Wata rana da almuru ya zo, ya tarar da ita zaune a bakin gado ta danne tafukanta da cinyoyi, gumi na tsattsafo mata. Teofil na damanta, shi ma ya zauna a kan hannuwansa. Tsohon ya daɗe a tsaye.

"Wane kunne?" ya ce.

"Na hagu, Kawu."

"Kullum?"

"Da an fara kunna fitilu."

"Kin taɓa amsawa?"

Ta taɓa. Sau ɗaya ne. Ranar ta wuni tana wanki, bayanta kamar zai ɓalle, ta ce bari ta bar kafaɗar ta ja, kaɗan dai, ko ta huta. Ta ja. Teofil ya ja. Gidan ya yi nishi tun daga tushe, garin farar ƙasa ya zubo daga silin, jaririn masu ɗakin ƙasa ya tsala ihu. Tun ranar ƙofar ɗakinta ba ta rufuwa sai an ɗaga ta.

Kawu ya dubi ƙofar. Ya dubi ɗan wansa. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Sau da yawa nakan ce in toshe," ta ce, muryarta can ƙasa. "Amma ba daga waje yake zuwa ba."

Sun bar gidan, sun koma wani. Can ma haka. Garin duka a kan yumɓu ɗaya yake.

Har yanzu in an fara kunna fitilun titi, Otylia na ajiye duk abin da ke hannunta, ta zauna a bakin gado, ta danne tafukanta. Teofil ya zauna a damanta ya danne nasa, idonsa a kan kafaɗarta, fuskarsa a sake kamar ta yaro mai jiran a fara wasa. A ƙasa ana soya albasa, yara na guje-guje a matakala. Ita tana jin abin yana tasowa, siriri, jiƙaƙƙe, ba gaggawa.

Shi bai san abin da suke jira ba. Ita ta sani. Mai fiton ba ya gajiya. Ita kuwa mutum ce.